Yadda ake karanta da rubuta kwanan wata irin na Amurka da irin na Birtaniya ba tare da an rikice ba

Idan aka rubuta 03/04/2026 a takarda, mutumin Landan zai ce 3 ga Afrilu ne, mutumin New York kuma ya rantse 4 ga Maris ne, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ba'amurke wata yake fara rubutawa, sannan rana, sannan shekara. Baturen Ingila rana yake sawa gaba, wata ya biyo, shekara ta rufe. A Najeriya da Gana tsarin Ingila muka gada a makaranta da ofis. A Nijar da Chadi na Faransa aka gada, shi ma rana ce gaba. Bakinmu ma haka ya saba, "3 ga Afrilu" muke cewa. Shi ya sa da mun ga lambobi, ido ba ya ko tsayawa tunani, lambar farko rana ce kawai. Sai dai wayar da ke hannunmu, da kwamfutar ofis, da fom ɗin jami'a, da takardun motar da aka sayo a gwanjon Amurka, da yawansu da tsarin Amurka suke zuwa, kuma ba sa yi wa kowa gargaɗi.

Ba kowace rana ce ke kawo rikici ba. Wata ba ya wuce 12, saboda haka duk ranar da ta haura 12 tana tona kanta. Kwanaki 12 na farkon kowane wata su ne masu haɗari, wato 144 a shekara. A cire guda 12 da rana da wata suke zuwa iri ɗaya, kamar 1/1 da 5/5, saura 132. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na shekara ke nan ana iya karanta shi ta fuska biyu.

Mataki na 1: Kafa tsarin biyu a kanka da ranakun da ka riga ka sani

Haddar ƙa'ida tana gudu, amma ranar da ka sani tun firamare ba ta gudu. Najeriya ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Mu da Ingila za mu rubuta 1/10/1960. Ka miƙa wa Ba'amurke wannan, zai ce maka 10 ga Janairu. Shi 10/1/1960 zai rubuta. Nijar ta samu nata ranar 3 ga Agusta, 1960, wato 3/8/1960, wanda a Amurka 8 ga Maris ne. Na Gana 6 ga Maris, 1957, a can ya koma 3 ga Yuni.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai ranar da duniya duka ta karɓa da tsarin Amurka ba tare da an lura ba. Harin da ake kira 9/11 ranar 11 ga Satumba, 2001 aka kai shi, ba 9 ga Nuwamba ba. Duk sanda ka manta wane ne ke sa wata gaba, tuno wannan ya ishe ka. Harin Landan na 7 ga Yuli, 2005 da ake kira 7/7 ba zai taimake ka a nan ba, don ko ta ina ka karanto shi ɗaya ne.

Mataki na 2: Kafin ka karanta lamba, gano wanda ya rubuta ta

Nan ne aikin yake, kuma akwai hanyoyi da ya kamata a bi su a jere, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni.

Da farko nemi lambar da ta wuce 12. Idan ta zo a gaba, kamar 25/03/2026, tsarin Ingila ne. Idan ta zo a tsakiya, kamar 03/25/2026, na Amurka ne. Idan kwanan watan da kake dubawa bai da irin wannan lambar, kada ka tsaya a kansa, zaga sauran takardar. Takardar bayanin asusun banki, ko rasit, ko jadawalin makaranta, da wuya ka rasa wani kwanan wata a ciki da ya haura 12. Guda ɗaya ya isa ya fassara maka sauran, muddin hannu ɗaya ne ya rubuta su. Wannan sharaɗin ba na wasa ba ne. Takardar da kamfanin Amurka ya buga, wakilinsa na Legas kuma ya ƙara rubutu da biro a ƙasa, tana iya ɗauke da tsarin biyu a shafi ɗaya.

Idan wannan bai fitar da kai ba, dubi alamun ƙasa. Kuɗin dala ne ko fam? Lambar waya da +1 ta fara ko da +44? Adireshin intanet ya ƙare da .edu da .gov, ko da .ac.uk da .gov.uk? An rubuta color da center, ko colour da centre? Adireshin gidan waya lambobi biyar ne zalla kamar na Amurka, ko gaurayen haruffa da lambobi ne kamar na Birtaniya? Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma uku idan suka haɗu sun isa.

Sai ranar mako, idan an rubuta ta. A ce takarda ta ce Friday, 7/4/2025. Buɗe kalanda. 7 ga Afrilu, 2025 Litinin ce, 4 ga Yuli kuma Juma'a. Ke nan 4 ga Yuli ake nufi. Dabara ce mai kyau amma tana da inda take faɗuwa. 9 ga Mayu da 5 ga Satumba a kowace shekara rana ɗaya suke faɗawa a mako, haka ma 11 ga Yuli da 7 ga Nuwamba. A 2025 duka huɗun Juma'a ne. To idan ka ga 5/9 ko 7/11, sunan rana ba zai raba maka gardama ba.

Sai kuma hankali. Ranar biyan kuɗi ba ta riga ranar ciniki, ranar ƙarewar biza ba ta riga ranar bayar da ita, jirgin ruwa ba ya sauke kwantena a Apapa kafin ya taso. Jera kwanakin ta tsarin Ingila ka gani ko labarin ya tafi daidai, sannan ka jera ta na Amurka. Sau da yawa ɗaya zai fito a karkace.

Idan duk ka bi waɗannan abin bai warware ba, tambayi mai takardar, kuma ka yi tambayar da sunan wata a rubuce: "Do you mean 3 April or 4 March?" Kada ka maimaita masa lambobin ka ce ya tabbatar. Zai ce maka e, daidai ne, alhali kowannenku da abin da yake nufi.

Ga inda wannan ke ciwo sosai. Jami'o'in Amurka da dama suna rufe karɓar takardun masu neman gurbi da wuri ranar 1 ga Nuwamba, kuma a jadawali sukan taƙaita shi 11/1. Ɗalibin da ya karanta shi 11 ga Janairu zai zauna yana gyara takardunsa cikin kwanciyar hankali, ƙofa kuwa an rufe ta tun makonni goma baya. Idan kuskuren ya juya ta ɗaya gefen, kamar ka karanta 2/1 a matsayin 2 ga Janairu alhali 1 ga Fabrairu ne, gaggawa kawai ka sha. Saboda haka idan wa'adi ne kuma ba ka samu tabbaci ba tukuna, yi aiki da ranar da ta fi kusa.

Mataki na 3: Wajen cike fom, bi gurbi, ka bar sabo

Yawancin fom suna nuna tsarin da suke so da ƙananan haruffa a cikin gurbin ko a ƙarƙashinsa. D rana ce, M wata, Y shekara. DD/MM/YYYY na nufin rana lamba biyu, wata lamba biyu, shekara lamba huɗu. MM/DD/YYYY shi ne na Amurka. Fom ɗin Faransanci zai nuna JJ/MM/AAAA, shi ma rana ce gaba. Idan aka ce lamba biyu, lamba biyu ake so: 5 ga Yuni 05/06 ne, kada a bar sifilin.

Kada ka ce ai hukumar Amurka ce, don haka dole wata ne gaba. Gwamnatin Amurka kanta ba ta tsaya a kan tsari ɗaya ba. Fom ɗin neman biza na DS-160 rana yake fara tambaya, sannan ka zaɓi wata da haruffa uku, sannan shekara. Bizar da ake mannawa a fasfo ma haka take, za ka ga abu kamar 05JUN2026. Fasfon Amurka shi ma rana ce gaba, haka sojojinsu suke rubutawa a takardun aiki. Amma fom ɗin hukumar shige da fice ta USCIS, su mm/dd/yyyy suke nema. Mutum ɗaya yana iya cike duka biyun a mako guda.

A fom ɗin intanet akwai wani abu kuma. Wasu gurabe suna bin saitin na'urar da aka buɗe su ne, saboda haka fom guda zai iya nuna rana gaba a wayarka, ya nuna wata gaba a kwamfutar shagon da ake cike wa mutane fom. Idan akwai 'yar kalanda da ke buɗewa a gefen gurbin, yi amfani da ita maimakon buga lambobi, don tana nuna sunan wata. Amma ka karanta kan ginshiƙai. Kalandar Amurka da Lahadi take fara mako, ta Birtaniya da Litinin, wanda ya saba danna gida na farko yana zaton Litinin ne zai iya zamewa da kwana guda.

In wani ne yake cike maka, kada ka karanto masa lambobi. Ka ce "bakwai ga watan Maris," sannan ka leƙa allon da idonka kafin ya danna turawa. Mai shago yana da layin mutane a bayanka, hannunsa ya saba da tsari ɗaya, kuma ba shi ne zai tsaya gaban jami'i yana bayanin dalilin da ya sa ranar haihuwar fom ta saɓa da ta fasfo ba. Shafin ƙarshe da ke nuna duk abin da aka shigar, shi ne wanda kowa ke tsallakewa, shi ne kuma ya fi cancantar a karanta a tsanake. Waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu a takarda don ba a riƙe ranar haihuwarsu ba, su dai a nan sun huta.

Idan kana so ka tabbatar da abin da ke cikin fasfonka, dubi layuka biyu na ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa. A layi na biyu ranar haihuwa tana zuwa da lamba shida: shekara, wata, rana. Wanda aka haifa 7 ga Maris, 1995 zai ga 950307. Wannan tsarin ɗaya ne a fasfon kowace ƙasa.

Mataki na 4: Idan kai ne mai rubutu, rubuta wata da haruffa

A ganina wannan matakin ya fi sauran duka. Duk takardar da za ta tsallaka iyaka, ko za ta shiga intanet inda ba ka san mai karantawa ba, kada watanta ya fita da lamba. Haruffa uku kawai, Mar ko Apr, sun kashe maganar. Kamfanonin jirgin sama sun daɗe da gane haka, shi ya sa tikiti ke cewa 05JUN.

Tsarin Birtaniya shi ne 4 July 2025. Babu waƙafi ko ɗaya, don sunan wata ya riga ya raba lambobin biyu. Idan da ranar mako, Friday 4 July 2025, wasu kuma kan sa waƙafi bayan Friday.

Tsarin Amurka shi ne July 4, 2025. Waƙafin da ke tsakanin rana da shekara dole ne, saboda lamba ce ta haɗu da lamba. Idan kwanan watan ya zo a tsakiyar jimla, ana ƙara wani waƙafin bayan shekara: The meeting on July 4, 2025, was cancelled. Wannan na biyun shi ne mutane suka fi mantawa. Idan wata da shekara ne kawai, babu waƙafi a tsarin biyun: July 2025.

Tazarar kwanaki ma ta bambanta. Birtaniya 5–7 June 2025, Amurka June 5–7, 2025. Wajen taƙaita sunan wata, Amurkawa sukan sa aya, Jan. da Feb., Turawan Ingila kuma sukan bar ta. A Turanci sunan wata da na rana da babban baƙi suke farawa koyaushe. A Faransanci da ƙarami ne, 4 juillet 2025, don haka wanda ya yi karatun Faransanci ya kula kada ya ɗauko sabon ya rubuta july.

Sai 'yan haruffan nan da ake liƙa wa lamba, st da nd da rd da th. Ba laifi ba ne a rubuta 4th July 2025, an daɗe ana koya shi a makarantunmu, amma rubutun ofis na yanzu a ƙasashen biyu ya fi karkata ga barin su. In ka ga dama ka sa, to ka sa daidai: 1st, 2nd, 3rd, sauran th. 21st, 22nd, 23rd da 31st suna bin lambar ƙarshe. 11th, 12th da 13th kuwa th ne duka, babu 11st, babu 12nd. Katunan ɗaurin aure da yawa an buga su da 22th, an kashe kuɗi an raba wa jama'a.

Wanne za ka zaɓa? Bi mai karɓa. Wasiƙa zuwa jami'ar Amurka, tsarin Amurka. Zuwa ta Birtaniya, ko ma'aikata a gida, tsarin Birtaniya. In ba ka san inda za ta je ba, 4 July 2025 ya fi sauƙi, kuma babu Ba'amurken da zai kasa gane shi. Abin da ba ya kyau shi ne gauraya: kan wasiƙa da tsari ɗaya, cikinta da wani. Shekara kuma a rubuta ta cikakkiya. 01/02/03 ana iya karanta shi ta hanya uku, in aka haɗa da masu sa shekara gaba.

Kada ka yi mamaki in ka ga jaridar Ingila da wata a gaba. The Times ta Landan har yanzu haka take buga kwanan wata a kanta, don tsarin a Ingila ma an yi amfani da shi tun kafin Amurka ta zama ƙasa. Takardar ayyana 'yancin Amurka tana ɗauke da July 4, 1776, su suka riƙe wannan, Ingila kuma ta karkata ga rana gaba. Jaridun Najeriya na Turanci ma sukan sa wata gaba idan da haruffa ne, shi ya sa kowa ke cewa June 12 idan ana zancen zaɓen 1993, amma mutumin da ya faɗi haka, in ka ba shi fom 12/06/1993 zai rubuta. Wato sa wata gaba da haruffa ba ya nuna cewa lambobin marubucin ma na Amurka ne.

A yarjejeniya, ko takardar cinikin fili, ko duk abin da zai iya kai wa gaban alƙali, rubuta watan cikakke ba taƙaitawa. In an kawo maka ka sa hannu ka ga lambobi zalla, nemi a gyara kafin ka sa.

Mataki na 5: Faɗa da baki

Baturen Ingila zai ce the fourth of July, ko da 4 July ya rubuta. Ba'amurke zai ce July fourth, sai dai in bikin 'yancinsu yake nufi, nan shi ma Fourth of July yake cewa. A waya abin da ya fi ɓatar da mutane shi ne thirteenth da thirtieth, don a kunne kusan ɗaya ne. Maimaita lambar ɗaya bayan ɗaya, one three ko three zero, sannan ka nemi a turo maka a rubuce.

Mataki na 6: Gyara kwamfuta, musamman Excel

A takarda kuskure yana zaune inda aka yi shi, ana ganinsa. A Excel kuwa, wato manhajar lissafi da jera bayanai, kwamfuta ce ke juya maka kwanan wata a ɓoye, kuma allon yana nuna kamar komai lafiya.

Excel ba ya ajiye kwanan wata a matsayin rubutu, lamba yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu, 1900. Misali 1 ga Janairu, 2025 a wurinsa 45658 ne. Idan ka buga 05/06/2025, saitin ƙasar da ke kan kwamfutar yake dubawa ya yanke hukunci. In saitin Amurka ne, ya ajiye 6 ga Mayu, kai kuwa 5 ga Yuni kake nufi. Idan ka buga 13/06/2025, ya ga babu wata na 13, sai ya bar shi a matsayin rubutu kawai. A ƙarshe ginshiƙi ɗaya ya rabu biyu: wasu an juya su, wasu ba a ma ɗauke su kwanan wata ba. Akawun da ke lissafin bashin 'yan kasuwa da wannan ginshiƙin, duk abin da ya jera ko ya tara ta wata zai fito ba daidai ba.

Alamar ganewa mai sauƙi ce. In ba ka taɓa jerin ba, kwanan wata na gaske yana jingina dama a cikin gida, rubutu kuma hagu. Ka ga ginshiƙi wasu dama wasu hagu, an samu matsala. Don gwada sabuwar kwamfuta, buga 13/01/2025 a gidan da babu komai. Ya koma dama, rana ce gaba. Ya tsaya hagu, saitin Amurka ne.

Gyaran daga tushe ake yi. A Windows 11 shiga Settings, sai Time & language, sai Language & region, a Regional format ka zaɓi Turancin Najeriya ko na Birtaniya. A Google Sheets shiga File, sai Settings, ka sauya Locale, kuma shi kowane fayil da nasa saitin. A iPhone yana ƙarƙashin General, sai Language & Region. Bayan haka a Excel ka zaɓi ginshiƙin kwanakin, danna Ctrl da 1, a Custom ka rubuta dd mmm yyyy. Daga nan za su riƙa fitowa kamar 05 Jun 2025, kuskure ba shi da wurin ɓuya.

Sauya kamanni ba ya gyara abin da aka riga aka ajiye a juye, tona shi kawai yake yi. Kwanakin da suka maƙale a matsayin rubutu ana iya maido su: zaɓi ginshiƙin, shiga Data, sai Text to Columns, wuce zuwa shafi na uku, zaɓi Date da DMY, ka kammala. Amma idan fayil ɗin CSV ne (jerin bayanai da aka raba da waƙafi) da aka sauko da shi daga banki ko wata manhaja, kuma ka ga ya gauraye, rufe shi ba tare da ajiyewa ba. Koma kan na asali, ka shigo da shi ta Data da From Text/CSV, inda za ka iya faɗa masa tsarin ƙasar da kwanakin suka fito. Da ka danna ajiyewa a kan gaurayen, na asalin ya tafi.

Mataki na 7: Kaya, magani, kati da cak

Magunguna yawanci wata da shekara kawai suke nunawa, kamar EXP 06/2027, wato Yuni 2027. Katin banki ma haka, 06/27 wata ne da shekara a kowace ƙasa, kuma yana aiki har ƙarshen watan. Rikicin yana kan kayan abinci da na shafawa masu lamba kashi uku. Juya kwalin ka ga ƙasar da aka yi shi. In Amurka ce, 08/03/26 na nufin 3 ga Agusta. In Birtaniya ce ko Turai, 8 ga Maris. Kusan wata biyar ke tsakani, kuma ga mai shagon da ya sari katan-katan, wannan shi ne bambancin riba da asara.

Sin da Japan da Koriya shekara suke sawa gaba, sai wata, sai rana. Idan da lamba huɗu ce, 2026.03.08 ko 20260308, babu wahala. Idan suka taƙaita ne ake shiga uku: 25/03/26 a kan kayan Sin yana iya zama 26 ga Maris, 2025, kai kuma ka karanta 25 ga Maris, 2026, ka ƙara wa kayan shekara guda cur. Kwatanta ranar yi da ranar lalacewa, ɓangaren da ya sauya da 1 ko 2 ko 3 alhali sauran suna nan, shi ne shekara. Kanada kuma duka tsarin uku ana samu, takardarsu sai da lura.

Cak a bankin Najeriya rana ce gaba, kuma yana tsufa bayan wata shida. Wanda ya zauna Amurka ya dawo, ya rubuta 09/02 yana nufin 2 ga Satumba, banki zai karanta 9 ga Fabrairu ya ce cak ɗin ya wuce lokaci.

Wa'adin intanet kuma yana da ƙarin tarko na agogo. Najeriya da Nijar suna gaban New York da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara, don haka 11:59 p.m. na can asubahin washegari ne a nan. 12:00 a.m. kuwa tsakar daren da ke buɗe ranar ne, ba wanda ke rufe ta ba. In aka ce za a rufe 12:00 a.m. ranar 1 ga Nuwamba, to 31 ga Oktoba ce ranarka ta ƙarshe.

Mataki na 8: Sunan fayil, shekara gaba

Akwai tsari na ƙasa da ƙasa mai suna ISO 8601, wanda aka fitar a 1988: shekara lamba huɗu, wata lamba biyu, rana lamba biyu, da karan-ɗori a tsakani, kamar 2026-04-03. Bai dace da wasiƙa ko katin biki ba, ya yi bushewa da yawa. Amma a sunan fayil babu kamarsa, don kwamfuta tana jera suna daga hagu, sai fayilolin su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo. Rasit-2026-04-03 zai zo bayan Rasit-2026-03-28 ba tare da ka taɓa komai ba. Da rana ka sa gaba, da duk rasit ɗin ranar 1 ga kowane wata sun taru wuri guda. Kada ka bar sifili, kuma kada ka sa 'yar sandar nan mai karkata (/), Windows ba ya karɓarta a sunan fayil.

Idan an riga an yi kuskuren

Fara da gano takardar da ke da gaskiya, yawanci fasfo ko takardar haihuwa, sauran su za a gyara su bi ta. Kada ka goge ko ka yi gyara da biro a kan takardar hukuma, wannan ya fi kuskuren muni. Rubuta wa wanda ya bayar da ita tun kafin ranar tafiya ko ranar jarrabawa, ka haɗa da hoton shafin fasfo, ka faɗi abin da aka buga da abin da ya kamata, dukansu da sunan wata: an rubuta 3 July 1995, daidai shi ne 7 March 1995. Ka ƙara da cewa rana da wata ne suka sauya wuri, don ma'aikacin da ya ga lambobin iri ɗaya ne a juye zai fi saurin gane cewa kuskuren tsari ne. In tikitin jirgi ne, kira kamfanin a ranar da ka lura, saboda kuɗin sauya rana yakan ƙaru idan tafiya ta matso.